Harajin Hatsi: An Kare Mai Inji, An Bar Mai Fartanya

Shekaru fiye da goma ke nan gwamnatin Najeriya tana ɗaga harajin shigo da hatsi tana saukewa, tana rufe iyaka tana buɗewa, kuma kowane lokaci da sunan talaka ake yi. Idan za a ɗaga, sai a ce domin a kare manomi ne. Idan za a sauke, sai a ce domin a sauƙaƙa wa mai saye. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a ƙauyukan Kebbi da Jigawa da Kaduna, manomin da mai sayen galibi mutum ɗaya ne, kuma ko an ɗaga ko an sauke shi ke kwana a ciki. Ƙungiyoyin da ke magana da yawunsa, waɗanda ya kamata su fi kowa sanin haka, sun daɗe suna ɓarnatar da ƙarfinsu wajen kare tsarin da wasu ke kwasar ribarsa.

Kuɗin fito da kwastam ke karɓa a bakin teku baitulmali yake shiga, ko kwabo ba ya zuwa hannun manomi kai tsaye. Amfanin da ake cewa yana yi masa a kaikaice yake zuwa. A ɗauka, don misali kawai, buhun shinkafar Tailan ya iso tashar Legas a kan naira 100. Idan aka ɗora masa harajin kashi 70 cikin 100, ba zai fita kasuwa a ƙasa da naira 170 ba. Wannan sai ya ba shinkafar gida sarari ta hau har kusa da 170 ba tare da mai saye ya guje ta ba. Iyakar aikin haraji ke nan: ya samar da rata. Bai faɗi wanda zai kwashe ta ba.

Tsakanin fadamar Argungu da shagon Sabon Gari akwai hannuwa da yawa: ɗan baranda da ke tarar manomi a bakin gona ko a kasuwar ƙauye, ɗan kasuwar da ke tara buhuna a sito, mai injin casa, babban dila, sannan mai awo. A cikin dukkan waɗannan, wanda ya fi iya jira shi ke samun kaso mafi tsoka, kuma babu wanda ya kai manomi rashin iya jira. Da kaka ta yi, bashin taki da na maganin feshi suna jiransa, 'yan ƙwadago suna jiran ladansu, ga kuɗin makaranta, ga bukukuwan da aka ɗage sai bayan girbi. Ba shi da wurin ajiyar da ƙwari da raɓa ba za su shiga ba. Sai ya kai amfaninsa kasuwa tsakanin Oktoba da Disamba, daidai lokacin da maƙwabtansa duka suka kai nasu, farashi yana ƙasa. Kafin Yuli ko Agusta rumbunsa ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwar nan ya sayi tiya a kan farashin da haraji ya taimaka ya ɗaga. Tsadar da aka ce an ƙirƙira dominsa takan same shi ne a matsayin mai saye.

Tarihin harajin shinkafa da kansa yana nuna wanda aka yi wa ɗinkin. A 2013 gwamnati ta kai jimillar harajin shinkafar waje kashi 110 cikin 100. A 2014 ta raba shi gida biyu: kashi 30 ga kamfanonin da ke da injin casa a cikin ƙasa, kashi 70 ga 'yan kasuwar da shigo da kaya kawai suke yi. Ratar kashi 40 da ke tsakani dukiya ce mai yawa, kuma tana hannun duk wanda ya samu takardar kason shigowa. Babu manomin shanshera ko ɗaya a cikin masu riƙe da irin wannan takarda. A 2015 sai da Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti don binciken zargin cewa wasu kamfanoni sun wuce kasonsu ba su biya bambancin ba.

A ɗaya gefen kuma, Jamhuriyar Benin, wadda harajinta bai kama ƙafar na Najeriya ba, ta wayi gari a sahun gaba na masu sayen shinkafar Tailan da Indiya, alhali mutanenta ba su kai miliyan 15 ba, kuma irin shinkafar da take saye, wato turararriya, ba ita suka fi ci ba. Kowa ya san inda buhunan suke kwana. Daga Kwatano wasu su bi Seme, wasu su haura Nijar su sauko ta Jibiya da Illela. Duk lokacin da haraji ya yi tsanani fiye da kima, sai ya zama albashin ɗan fasa-ƙwauri da na wanda ke kawar masa da kai a shinge.

Gwamnatin da ta zo a 2015 ta ƙara ɗaure igiyar. A Yunin shekarar Babban Banki ya hana masu shigo da kayayyaki 41 samun dala daga hannunsa, shinkafa na ciki. A Nuwamba aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, lokacin da aka saki Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Ba za a yi musun cewa wannan ya haifar da abin a zo a gani ba. Noman rani ya bunƙasa a Kebbi da kwarin Haɗeja da Kadawa, injinan casa sun yawaita a Kano, shinkafar gida mara tsakuwa ta shiga gidajen da a da ba sa kallonta. Masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi idan suka ce manomin Suru ba zai iya gogayya da na Indiya ba, tunda shi na Indiya gwamnatinsa tana rangwanta masa taki da wuta da ruwan ban-ruwa. Buɗe ƙofa gaba ɗaya kashe noman shinkafa ne, wannan ba abin jayayya ba ne. Muhawarar tana kan irin kariyar da aka gina, da kuma wanda aka fara jefarwa a ranar da jirgin ya fara shan ruwa.

Masara ce ta fara nuna amsar. A Yulin 2020 Babban Banki ya hana dala ga masu shigo da masara, aka ce don a ƙarfafa manoman gida. Ba a yi wata biyu ba sai ga labari cewa an ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000, saboda masu kiwon kaji da masu haɗa abincinsu sun koka da tsada. Lokacin izinin ya faɗo ne daidai gabatowar sabuwar masara. Su kuwa masu kiwon kajin, kayan da suke sayarwa a killace yake, domin daskararren naman kaji yana cikin jerin abubuwan da aka haramta shigowa da su. Ga shi kuma masara tana cikin jerin kayan da kwastam ta hana fitarwa waje. Ma'ana, idan farashinta ya tashi, manomin Saminaka ba shi da izinin kai ta inda za ta fi daraja, kuma za a shigo da ta waje a karya farashin. Idan ya faɗi, babu wanda doka ta ɗora wa alhakin saye daga hannunsa.

Abin da ya faru a 2024 ya fi wannan girma. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a Yunin 2024, bisa ƙididdigar hukuma. Yunwa ta yi tsanani, kuma babu gwamnatin da za ta zauna ta zuba ido. A watan Yuli ministan noma, Abubakar Kyari, ya ba da sanarwar dakatar da haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafa. Ƙa'idojin da kwastam ta fitar daga baya sun ce rangwamen zai kai har 31 ga Disamba.

Abu biyu ne a cikin wannan mataki da ya kamata kowane shugaban manoma ya haddace. Na farko lokaci. A watan Yuli manomi ya riga ya yi shuka, ya riga ya sayi taki a kan sabon farashin da faɗuwar naira ta kawo, ya riga ya ci bashi bisa lissafin farashin da ya gani a kasuwa a bazara. Ɗan kasuwa yana iya soke odarsa cikin yini ɗaya, amma ba a tone irin da aka binne. An sauya wa manomi ƙa'idar kasuwa bayan ya zuba duk abin da ya mallaka a ƙasa, kuma an bar ƙofar a buɗe har ta ratsa watannin girbinsa.

Na biyu shi ne irin shinkafar da aka yafe wa haraji. Ba gyararriyar shinkafar da uwargida ke saye ta zuba a tukunya ba ce. Wadda aka cire wa ƙaiƙayi kawai ba a goge ta ba ce, wato wadda sai ta bi ta inji kafin ta isa kasuwa. Sharaɗin shigo da ita kuwa shi ne kamfani ya mallaki injin da ke iya casar aƙalla tan 100 a yini. A duba wannan da kyau. Mai inji yana sayen shanshera ya sayar da gyararriya, don haka burinsa kullum shi ne abin da yake saye ya yi araha, abin da yake sayarwa ya yi tsada. Tsarin 2024 ya ba shi duka biyun: katangar haraji tana nan a kan gyararriya, an rushe ta a kan abin da ke gogayya da shansherar manomi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A cikin 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai a Dawanau da sauran manyan kasuwanni. Adalci shi ne a ce ba shigo da kaya kaɗai ya jawo haka ba: naira ta ɗan daidaita, an yi noma da yawa saboda tsadar bara, masu ɓoye kaya kuma sun fito da shi da suka ga alamar faɗuwa. Mazauna birni sun samu sauƙi, kuma sauƙin nan abin so ne. Sai dai taki da maganin feshi da man injin ban-ruwa ba su sauko tare da hatsi ba. Manoma sun yi ta kokawa cewa kuɗin buhun masara ba ya sayen buhun taki. Wanda ya yi irin wannan lissafi sau ɗaya ya ga bai fita ba, baɗi zai rage gona ko ya sauya shuka, kuma ƙarancin da zai biyo baya shi zai sake kawo tsadar da za a sake buɗe ƙofa dominta.

A nan ne maganar ƙungiyoyi ta shigo. Akwai AFAN, uwar ƙungiyoyin manoma ta ƙasa, akwai RIFAN ta manoman shinkafa, akwai MAAN ta masara. Shugabanninsu sun yi magana a kan matakin 2024, wasu da kakkausar murya. Har Akinwumi Adesina, wanda a zamaninsa na ministan noma aka kafa harajin kashi 110, ya soki matakin. Amma duk wannan ihu ne bayan hari. Ba a ji an ɗage sanarwar ko da mako ɗaya don jin ta bakin manoma ba, ba a ga an sauya sharaɗi ko ɗaya saboda su ba. Ƙungiyoyin da ke iƙirarin wakiltar miliyoyin mutane ba su iya sa gwamnati ta yi jinkirin yini guda ba, kuma dalilin wannan rauni ba ɓoyayye ba ne.

Tun daga 2015, babban aikin da ƙungiyoyin amfanin gona suka shahara da shi shi ne zama bututun rabon bashin Babban Banki. Ta hannunsu ake rubuta sunaye, ta hannunsu taki da iri da injin ban-ruwa ke fitowa, ta hannunsu ake karɓar biya. Dalar shinkafar da aka ƙaddamar a Abuja a Janairun 2022, wadda aka ce ta ƙunshi buhu kusan miliyan ɗaya, shansherar biyan bashi ce da RIFAN da Babban Banki suka tara. A shekarar aka yi ta masara a Kaduna. Bankin ya ce ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya a shirin. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kacal aka mayar, bankin ya musanta ya ce ya kai kusan kashi 52. Ko wanne aka ɗauka, ƙungiyar da ke tsaye a tsakiyar bashin da rabinsa bai dawo ba tana zuwa gaban hukuma ne da kai a sunkuye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Manomi kuma ya saba kallon katin ƙungiya a matsayin tikitin karɓar taki, don haka da sabon shugabancin Babban Banki ya janye daga rabon bashi kai tsaye bayan 2023, sai zumuncin da ke tsakanin ƙungiya da 'ya'yanta ya yi sanyi. AFAN kuwa ta kwashe shekaru tana fama da rikicin shugabanci a gaban kotu, ɓangare biyu kowanne yana cewa shi ne halastacce. Ministan da ke neman wanda zai amince da shawararsa ba zai rasa ɓangaren da zai gayyata ba.

Akwai kuma kuskuren fahimta da ya fi rikicin shugabanci illa. An saba tara manomi da mai inji da mai kiwon kaji a zaure ɗaya a ce duk 'yan harkar noma ne, buƙatarsu ɗaya. A gaban shinkafar Tailan gyararriya, gaskiya ne manomi da mai inji suna sahu ɗaya. A bakin sikeli kuwa, ɗaya mai sayarwa ne ɗaya mai saye. Masu injina suna da tasu ƙungiya, RIPAN, masu kaji suna da tasu, mambobinsu kaɗan ne, suna da kuɗi da lauyoyi da masu lissafi, kuma sun san layin da suke so a sauya a cikin jadawalin haraji. Ba laifi ba ne su kare kasuwancinsu. Laifin yana kan ƙungiyar manoman da ke maimaita taken "a hana shigo da shinkafa" ba tare da ta tambayi wace shinkafa, a wane wata, kuma wa ke riƙe da izini ba.

Wasu wurare sun nuna abin da ake iya nema maimakon wannan take. A Indiya, inda shinkafar da ake tsoro take fitowa, gwamnati tana sanar da mafi ƙarancin farashin da za ta sayi manyan amfanin gona a farkon kowane lokacin noma, kuma hukumar abinci ta ƙasar, wadda aka kafa a 1965, tana sayen alkama da shinkafa a kan farashin. Tsarin yana da nasa nakasu, ya fi amfanar jihohi irin su Punjab da Haryana fiye da sauran, amma manomin da ke cikinsa ya san inda faɗuwarsa za ta tsaya. Da gwamnatin Narendra Modi ta kawo dokoki uku a 2020 da manoma suka ga suna barazana ga wannan tabbaci, ƙungiyoyinsu sun yi zaman dirshan a mashigan Delhi na kusan shekara guda, har aka soke dokokin a Nuwamban 2021. Sun iya haka ne saboda abincinsu da kuɗin motarsu daga ƙauyukansu suke fitowa.

Kusa da gida, a Jamhuriyar Nijar, ƙungiyoyin manoma sun daɗe da wata dabara mai sauƙi. Da kaka 'yan ƙungiya sukan zuba gero ko wake a ɗakin ajiya ɗaya, a sa masa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun ƙaramin banki. Bankin ya ba su rance bisa darajar hatsin, su biya buƙatun kaka, bayan wasu watanni idan farashi ya tashi su biya rancen su buɗe ɗakin. Wannan ya magance ainihin ciwon, wato rashin iya jira, kuma bai buƙaci a rufe iyakar kowa ba.

Saboda haka abin da ya kamata ƙungiyoyin manoman Najeriya su sa a gaba ya fi ƙarfin roƙon a sake rufe ƙofa. Su nemi haraji matsakaici, wanda bai kai ya ciyar da fasa-ƙwauri ba, a rubuce cikin doka na tsawon shekaru, da sharaɗin cewa duk sauyin da za a yi sai an sanar da shi kafin ruwan farko, kuma ba ya fara aiki tsakanin shuka da ƙarshen girbi. Idan yunwa ta tilasta rangwame, a fayyace tun farko farashin da idan aka kai shi harajin zai sauka, kuma ya sauka ga kowa, a kan gyararriya da wadda ba a gyara ba daidai wa daida, ba tare da jerin sunayen 'yan gata ba. Su nemi a ware wani kaso na kuɗin fiton shinkafa da alkama don sayen hatsi daga manoma da kaka a kan farashin da aka sanar. A Fabrairun 2024, da tsada ta kai intaha, abin da aka ba da umarnin fitarwa daga rumbun gwamnatin tarayya tan 42,000 ne, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wato ƙasa da rubu'in kilo ga kowane mutum. Da rumbun cike yake da hatsin da aka saya a Giwa da Dandume da kaka, da an sauƙaƙa wa birni ba tare da an jira jirgin ruwa ba. Idan kuma gwamnati ta ce ba ta iya tabbatar wa manomi farashin ƙasa, to ba ta da hujjar hana shi fitar da masararsa.

Duk wannan ba zai samu ba sai ƙungiyoyin sun gyara gidansu. Rajistar mambobi ta gaskiya, kuɗin ƙungiya da ɗan ƙungiya ke biya daga aljihunsa ko da mudu ɗaya ne a kowane buhu, zaɓe a kan lokaci, da raba asusun ƙungiya da duk wani rabon gwamnati. Akwai kuma aiki ɗaya da ba ya jiran izinin kowa. Kowace shekara kafin damina, reshen kowace jiha ya zauna da manomansa ya fitar da lissafin abin da noman buhu ɗaya na shanshera ko masara ke ci, tun daga haya da huɗa har zuwa taki da feshi da girbi da sufuri, ya buga shi a jarida, ya karanta shi a rediyo. Masu injina suna shiga ofishin ministan kuɗi da takardun lissafinsu a hannu. Ranar da za a sake zama a kan harajin hatsi, wakilin manoma yana buƙatar tasa takardar, mai ɗauke da kuɗin da buhu ɗaya ya ci a Auyo da Saminaka da Argungu.